Mai Taya 22: Yinin Direban Tirela Tsakanin Sautu da Kasuwar Taya

Direban tirela ba shi da ranar hutu a kalanda. Ranarsa ita ce wadda mota ke jiran lodi. Idan ya sauke siminti a Kano ranar Talata, ɗan kamasho ya ce masa waken da zai ɗauka a Dawanau ba zai haɗu ba sai Alhamis, to Larabar nan ce tasa, kuma tun yana hanya an riga an yi watandarta. Akwai jarkar manja da maƙwabciya ta ba da sautu, akwai doyar surukai da aka saya a bakin titi a jihar Neja, akwai kuɗin makarantar yara da cefanen da zai riƙe gida har ya dawo. Takardun mota sun kusa ƙarewa. Tamfol ya yage yana neman ɗinki, yaron mota yana jiran kuɗin giris da man birki. Duk waɗannan, da A Daidaita Sahu da waya a hannu, ana iya sallamar su kafin azahar. Hidimar da ke cinye sauran yinin, wani lokaci har ta kwana, ita ce ta tayar nan ta baya da ta fara fito da waya.

Mai ƙaramar mota lissafinsa taya huɗu ne da safaya. Tirela kuwa, in kan motar mai aksul biyu ne a baya, taya 10 gare shi: biyu a gaba masu bin sitiyari, takwas masu tura mota. Bodin da yake ja yana da 8 ko 12, gwargwadon ko aksul biyu ne ko uku. Jimla 18 ko 22 ke nan, ban da safayar da ake ɗaurewa a ƙarƙashi. Kowace ɗaya in tana kan wilinta takan kai kilo 100, ƙato ba ya ɗaga ta shi kaɗai sai dai ya gara ta. A kuɗin yau sabuwa guda ɗaya ɗaruruwan dubban naira ce, saitin mota gaba ɗaya kuwa maganar miliyoyi ake yi. In aka cire man dizal, da wuya a samu abin da ke cin ribar mai mota kamar taya.

Kusan duk tayar tirelar da ke taka kwalta a Najeriya daga waje ta shigo. Da ba haka abin yake ba. Kamfanin Michelin yana da masana'anta a Fatakwal har ya rufe ta a 2007, shi ma Dunlop da ke Ikeja ya daina ƙera taya a 2008. Dalilan da aka bayar a lokacin su ne rashin wutar lantarki, da rage harajin shigo da manyan tayoyi daga kashi 40 zuwa kashi 10 cikin ɗari, abin da ya sa ta waje ta fi ta gida araha. Abin takaicin shi ne itacen roba bai daina tsiyaya ba a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba, har ma akwai cibiyar binciken roba ta ƙasa a Iyanomo kusa da Benin. Ana fitar da ɗanyar robar, ana shigo da taya daga Sin da Tailan da Indiya. Shi ya sa farashinta yake ɗaure da dala. Lokacin da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, masu shagunan taya suka koma faɗin farashi da sharaɗin "na yau ne".

Daga tashoshin Apapa da Tin Can kwantena kan nufi kasuwar Trade Fair a Legas ko kasuwar taya ta Nkpor kusa da Anacha, daga nan kaya su hauro Arewa: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Potiskum da ta daɗe da zama matattarar manyan motoci, sai garuruwan da tireloli ke yada zango irin su Tafa da Mararrabar Jos. A shaguna za ka ga Triangle, Double Coin, Linglong, Westlake da wasu sunaye na Sin jere har rufi, Bridgestone da Michelin kuwa suna can ciki, sai an tambaya ake garo su.

Abin da ke rubuce a gefen taya

Da yawa daga masu saye suna tambaya ne da suna, alhali amsar ko taya ta dace da motarsu tana rubuce a jikinta. Ɗauki wadda ta fi yawa a kan manyan motocin zamani: 315/80R22.5. Lambar farko faɗin tayar ne, milimita 315. Ta biyu tana nufin tsayin gefenta kashi 80 ne cikin ɗari na faɗin. Harafin R yana nuna irin saƙar wayar cikinta, wadda Michelin ya fara yi wa rajista a 1946 kuma ta mamaye duniya. 22.5 kuwa girman wilin ne da inci, kuma wannan wili na tayar da ba ta da tub ne. Tsofaffin motoci da wasu sababbi 'yan Sin suna amfani da 12.00R20 ko 12.00R24, masu tub da zoben ƙarfe a bakin wili. Direbobi da dama sun fi son irin waɗannan a hanyar da ta lalace, don ko wili ya ɗan lanƙwashe a rami iska ba ta zurarewa, kuma kowane mai faci na ƙauye ya san kansu.

Lambar da ta fi kowace muhimmanci ga mai ɗaukar kaya ita ce wadda aka fi tsallakewa. Can gaba kaɗan za a ga wani abu kamar 156/150L. Wannan 156 yana nufin tayar na iya ɗaukar kilo 4,000 in ita kaɗai ce a gefenta. 150 kuwa kilo 3,350 ne, nauyin da aka yarje mata in an haɗa ta biyu-biyu. An rage ne don tagwayen taya ba sa raba kaya daidai: titi yana da doro a tsakiya, ta ciki takan fi shan nauyi da zafi. Harafin L yana nufin kada a wuce kilomita 120 a awa, K kuwa 110. Wata tayar mai girma iri ɗaya 154 za ka gani a jikinta, wato kilo 3,750, kuma ido ba zai bambanta su ba. Akwai kuma faffaɗar nan 385/65R22.5 da ake sa wa bodi ɗaya-ɗaya maimakon biyu, mai lamba 160, kilo 4,500. Bodin da ya zo da ita daga Turai yana da taya shida ne rak a aksul uku, kuma idan aka loda masa irin lodin da ake yi wa mai taya 12, ba ya daɗewa zai fara bindiga.

Duk wannan lissafi ya dogara ga iska. Kilo 3,350 ɗin da aka rubuta sai in tayar tana da cikakkiyar iskar da kamfani ya ƙayyade, wadda a irin wannan girma takan kama 120 zuwa 130 a geji. Iska ta ragu, ƙarfin ɗauka ya ragu.

Sai zanen haƙora. Tayar gaba layuka ne miƙaƙƙu a jikinta, don ta riƙe hanya ta kuma kore ruwa. Ta tura mota manyan haƙora gare ta a gicciye masu cizon ƙasa. Ta bodi tana da kafaɗa mai ƙarfi saboda jan da take sha a kwana, musamman a bodi mai aksul uku, inda ta ƙarshe ke goge kwalta duk lokacin da aka juya. A zahiri abin da ake yi shi ne gadon taya: sabuwa ta fara aiki a gaba, in ta ɗan ci a mayar da ita tsakiya, in ta suɗe ta ƙare rayuwarta a bodi. Wannan dabara ce mai ma'ana, kuma akwai ƙa'ida ɗaya da ko direban da ya fi kowa ganganci ba ya wasa da ita: ba a sa tsohuwa a gaba. In ta baya ta fashe, 'yar'uwarta za ta riƙe mota har a samu wurin tsayawa. In ta gaba ce, sitiyari ya bar hannu.

Na ƙarshe shekaru. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2322 na nufin mako na 23 na 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana wa'azin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙera ta. Manyan kamfanonin taya sun fi sassauci, suna cewa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta kai biyar, kada kuma ta wuce goma. Ga tirelar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Legas wannan muhawara ba ta da wani tasiri, don haƙoran ba sa kai ko'ina cikin waɗannan shekaru. Inda lambar ke da amfani shi ne a bakin shago, a gane ko "sabuwar" da ake tallatawa ta shekara nawa a sito tana shan zafi.

Ciniki

Wanda ya san aiki ba ya sayen taya a tsaye. Zai sa a kwantar da ita, ya durƙusa ya zura hannu ciki har kafaɗa, yana shafa bangon yana neman faci ko ƙulli. Zai bi bakin da ke kama wili da yatsa ko akwai tsaga. Zai taka gefen da ƙafa ya ga ko ƙananan tsage-tsage za su buɗe, alamar roba ta bushe. In ta hannu ce zai fito da igiya ko tef ya auna kewayenta, ya gwada da wadda za a haɗa ta da ita, domin tagwaye in ɗaya ta fi ɗaya tsayi da abin da ya wuce milimita shida, doguwar ce za ta ɗauke kayan, gajerar kuma ta riƙa gogar ƙasa. Cikin sawu kaɗan an yi asarar biyu.

Daga nan sai waya, don direba ba shi ne mai kuɗin ba. Hirar kusan iri ɗaya ce a kowane shago.

"Alhaji, ga ni a wurin. Sabuwa kaza, ta hannu kaza."

"Ita waccan ba za ta ƙara sawu ɗaya ba?"

"Wallahi ranka ya daɗe waya ta fito."

"To ɗauki ta hannun, Allah ya tsare."

A nan duk matsalar take. Mai yanke hukunci yana zaune a ofis ko a rumfar kasuwa yana duba kuɗin lodin da bai tashi daidai da dizal ba, wanda zai hau kan hukuncin kuwa shi ne direba da yaransa biyu. Ba a ce masu motoci duk marowata ne ba. Da yawa mota ɗaya ko biyu gare su, wata ma bashi ne a kanta, kuma kuɗin sawu ana cinye shi tun kafin ya shigo: mai, kamasho, kuɗin ƙungiya, da na shingayen da ba su ƙirguwa. Amma akwai masu tsarin da ke ba direba kuɗin hanya dunƙule, su ce taya da faci a ciki suke. Wannan tsari tura mutum yake yi ya zaɓa tsakanin cefanen gidansa da lafiyar tayarsa, kuma an san wanda ke cin nasara.

Tayar hannu, wadda ake kira Beljiyam ko tokumbo, tana cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta shigowa da su. Sai dai dokar ta bar ƙofa: an ware tsofaffin tayoyin manyan motoci masu girman 11.00 x 20 zuwa sama, in an shigo da su ne don a sake musu sabuwar fuska a masana'anta. Ta wannan ƙofar, da kuma ta iyakokin ƙasa, tayoyi da yawa ke shigowa su wuce kai tsaye kan mota ba tare da sun ga wata masana'anta ba. Direbobi da dama za su rantse maka cewa tsohuwar Michelin daga Turai ta fi sabuwa mai araha ƙarko. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya, don gangar jikin babbar taya an gina ta ne ta yi rayuwa fiye da ɗaya. Abin da ba a gani shi ne dalilin da ya sa mai ita na farko ya cire ta. Wayar da ta karye a ciki sanadin duka ko tafiya ba iska ba ta nunawa a waje.

Sabuwar ma ba a shan ta da ido rufe. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama rumbunan tayoyin cushe a Legas, inda ake danna taya uku zuwa biyar cikin juna don kwantena ta ɗauki ninki. Kafin a zaro su da ƙarfe bakinsu ya riga ya lanƙwashe, wayarsu ta miƙe, sai a naɗe su a leda a kai shago. Akwai kuma masu sassaƙa, waɗanda ke bin suɗaɗɗiyar taya da wuƙa mai zafi su fito mata da sababbin haƙora. Sassaƙa halal ce a tayar da kamfani ya rubuta wa REGROOVABLE, domin an bar mata ragowar roba don haka. A wadda ba a rubuta ba, ko wadda aka zurfafa har aka taɓo waya, ruwa zai shiga, tsatsa ta ci, wata rana fuskar ta ɓalle gaba ɗaya. Baƙaƙen tsummokaran roba da ke warwatse a gefen titin Kaduna zuwa Abuja da yawansu haka suka samo asali.

Lodi da rana

Ko an dace da taya mai kyau, kaya ne ke yanke mata kwana. Buhun siminti kilo 50 ne. Buhu 600 tan 30 ke nan, buhu 900 kuwa tan 45, kuma duka biyun lodi ne da aka saba gani. Kan mota da bodi su kaɗai sukan kai tan 15 zuwa 20. Aksul ɗaya mai taya huɗu irin 156/150 iyakarsa kilo 13,400, in iska ta cika kuma kaya sun zauna daidai. A Dawanau ko kasuwar albasa kuwa ba sikeli ake bi ba, buhu ake ƙirgawa, kuma buhun da aka yi wa hula ya fi abin da ake kiransa. Masu lodi in suka tara nauyi a baya, aksul ɗaya zai ɗauki rabon biyu.

Doka ma ba ta yarda a kai iyakar tayar ba. Ƙa'idar ECOWAS ta 2012 ta tsaya a kan tan 11.5 zuwa 12 ga aksul ɗaya na baya, daidai da abin da ƙasashen ƙungiyar UEMOA, ciki har da Nijar, suka amince da shi tun 2005. Dalilin ba tausayin taya ba ne, tausayin kwalta ne. Wani babban gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin aksul sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninka kusan sau 16. Obalodi ke haƙa ramin, ramin kuma ya dawo ya fasa tayar mai obalodin da ta wanda bai yi ba. Duk wanda ya bi hanyar Lambata zuwa Bida ko ta Mokwa zuwa Jebba da damina ya ga yadda wannan zagaye ke aiki. A ɓangaren tankoki gwamnati ta ɗan motsa: daga 1 ga Maris 2025 an hana masu lita 60,000 lodi a defo-defo. Motocin busasshen kaya kuwa har yanzu ido ne sikelinsu a mafi yawan hanyoyi.

Sai rana. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. Taya mai ƙarancin iska lanƙwasa take yi tana miƙewa a kowane juyi, wannan motsi ke dafa ta daga ciki har roba ta rabu da waya. A gangara irin ta Hawan Kibo zafin birki yana ƙaruwa a kai, ya bi ta wili ya ƙona bakin tayar ciki. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke kwanciya da rana su tashi da yamma, in sun tsaya kuma yaron mota ya zagaya da guntun ƙarfe yana ƙwanƙwasa taya ɗaya bayan ɗaya. Mai iska ƙara take yi tsaf, wadda ta sace kuwa sai ka ji dum. Wannan yana kama tayar da ta mutu, amma ba ya kama wadda ta rage kashi ɗaya cikin biyar, kuma ita ce mai kisa. Geji ne maganinta, da safe kafin mota ta motsa. Wata al'ada da ta zama ruwan dare ita ce rage wa taya iska in ta yi zafi, wai kada ta fashe. Kamfanonin taya gaba ɗaya sun hana haka: hauhawar iskar taya mai zafi an riga an yi lissafinta, wanda ya sace ta kuwa zai wayi gari da taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin tan 45.

Duk wannan yana ƙarewa ne a hannun mai faci, mutumin da ke zaune a ƙarƙashin rumfar kwano da tsohon inji mai tari, da bahon ruwa, da guduma da ƙarafan ɓanɓare. Noti goma ne a kowane wili, ana kwance su da sifana da dogon bututu, yaro ya hau kai yana tsalle. Aikin yana da hatsarin da ba a cika faɗa ba. Zoben wili mai tub in bai zauna daidai ba, iska na iya cillo shi da ƙarfin da zai kashe mutum nan take, shi ya sa a manyan gareji ake hura irin wannan taya a cikin kejin ƙarfe. A bakin titi kejin shi ne a kifa tayar zoben yana kallon ƙasa, kowa ya ja baya. Nagari a cikin masu faci ya san ramin ƙusa a fuska ana yi masa faci, yanka a gefe kuwa ba ya facuwa, kuma zai faɗa wa direba haka ko da zai rasa kuɗin aikin. Wani kuwa zai ɗora guntun tsohuwar taya daga ciki ya ce a je a dawo.

Tayar da aka cire ba a yar da ita. Tun tana jingine masu saye ke zagayawa. Mai ɗan sauran rai za ta koma safaya ko ta tafi kan tifar yashi mai gajeren zango. Wadda ta mutu sarai masu wuƙa ne ke ɗauka: a yanka takalma, a fitar da igiyar ɗaure kaya a babur, tub ɗin ya zama guga. Mahauta kan saya don babbakar kai da ƙafa da ganda, duk da jan kunnen da hukumomin lafiya ke yi kan hayaƙin da abin da yake bari a jikin nama. Wayar da ta rage a toka kuma 'yan gwangwan suna auna ta da kilo.